Filin Makarantarmu da Ciyawar Damina

'Yan uwa malamai, duk wanda ya koyar a firamare a wannan yanki namu mai yawan ruwan sama ya san abin da ke jiransa a watan Satumba. Ana rufe makaranta a ƙarshen Yuli, a bar fili a hannun ruwan Agusta, a dawo a tarar da tafasa ta kai ƙugu, tofa ta rufe hanyar banɗaki, ƙashin yawo ya cika inda yara ke taruwa da safe. Sai a ce kowane yaro ya zo da fartanya ko langalanga. Makon farko na zango ya tafi ke nan, ba a buɗe littafi ba. Na kusa shekara ashirin ina ganin haka, kuma na taɓa ɗaukar yarinya 'yar aji huɗu a babur zuwa asibiti saboda langalangar ɗan ajinsu ta same ta a ƙwauri.

A 'yan shekarun nan wasu shugabannin makarantu sun koma ga feshi. Na fahimci dalilinsu, domin mutum ɗaya da injin feshi a baya yana gama fili kafin azahar. To amma a duba abin da ake fesawa. Nau'in da ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, wato parakwat, guba ce da ba ta da makari idan mutum ya sha, ga shi kuma ba ta taɓa saiwa. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, tofa kuma jijiyoyinta a can suke kwance, don haka bayan 'yan makonni sai su sake tsirowa. Ɗaya nau'in, gilaifoset, yana bin tsiro har saiwa, sai dai ba ya bambanta ciyawa mai amfani da marar amfani. Yana barin fili tsirara, ruwa ya zaizaye ƙasar sama, irin da ke kwance cikin ƙasa ya sami rana ya tashi. A kan wannan ƙasa yaranmu ke zama su ci abincin tara, da yawansu ba takalmi. Kwalbar da aka zubar bayan aji kuwa, ba sai na faɗa muku abin da ɗan aji ɗaya zai yi da ita ba.

Ra'ayina shi ne mu daina neman fili fetal. Ƙasa a wurin da ake ruwa kamar namu ba ta zama ba tsiro. Abin da ke hannunmu shi ne zaɓen tsiron da zai zauna. Ƙirikiri, wadda manomi ke tsinewa a gonarsa, ita ce abokiyar filin makaranta. Gajeriya ce, tana rarrafe tana kama ƙasa, tana jure takun yara, kuma irinta ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi. Idan ta yi kauri, tafasa ba ta samun sararin tashi cikin sauƙi. Ba a sayen ta: a ciro reshenta daga bakin hanya a farkon damina, a dasa a wuraren da suka yi sanƙo. Inda aka ga tuji ya yi yawa, alama ce ƙasa ta daddale da taku, sai a ɗan sassauta ta da fartanya kafin dashe. Sauran aikin yanka ne a kan kari, kafin muguwar ciyawa ta yi fure ta zubar da iri, kuma kada a aske ƙirikirin har ƙasa.

A nan matsalar take, domin lokacin yankan yana faɗowa cikin dogon hutu, sa'ad da babu kowa a makaranta. Yanka biyu ko uku a cikin Agusta zai hana abin da muke tararwa a Satumba, kuma ladan masu yankan ba zai kai asarar darasin mako guda na makaranta ɗungurungum ba. Ina roƙon reshenmu ya sa wannan batu cikin ajandar taronmu na gaba, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a kuma zauna da kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye tun a zango na uku, domin a ware kuɗin yankan Agusta kafin a rufe makaranta.