Lambar Sirri Ba Kayan Aro Ba Ce

A wannan wata za mu tattauna a kan lambar sirri, wato makullin da ke tsare kuɗinmu a cikin waya.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, bankuna suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, sai jama'a suka koma ga Bankak, manhajar Bankin Khartum. Da ita mai shago yake karɓar ciniki, da ita ɗa yake aiko wa tsohuwarsa kuɗin cefane daga Jidda zuwa Omdurman. Canjin takardun fam 500 da 1,000 a watan Disamba 2024 kuma ya sa wasu da dama buɗe asusu. Ashe ke nan arzikin gida ya koma bayan 'yan haruffa.

To, ina gizo ke saƙar? Da yawanmu kan sa shekarar haihuwa, ko lambar waya, ko sunan ɗan fari, alhali maƙwabci ma ya san su. Lissafin aji ya ishe mu shaida: lamba huɗu hanyoyi 10,000 kaɗai gare ta, shida kuwa miliyan ɗaya. Tsawo shi ne ƙarfi. Mu haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu marasa dangantaka, a rubutun boko, mu sirka da lambobi. Mai tsammanin Larabci zai sha wuya kafin ya canka. Sunan shiga ma kada ya ƙunshi shekarar haihuwa, kuma makullin banki ya bambanta da na Facebook.

Lokacin da layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke a watan Fabrairu 2024, an yi ta zuwa shagunan Starlink, dattawa suna miƙa waya ga wanda ba su sani ba don ya tura musu kuɗi. Duk wanda ya taɓa yin haka, ya canza lambarsa yau. Lambar da ake aikowa ta saƙo kuwa, banki ba ya bugo waya ya nemi a karanta masa. Mai neman haka ɓarawo ne. In waya ta ɓace, a hanzarta rufe layin.

Matasa, ku zauna da iyayenku ku koya musu cikin ladabi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.