Digirin da Bai Taɓa Shan Ƙura ba

Ranar da na kare kundin digirina na biyu a fannin tafiyar da ayyuka, malamai huɗu ne suka sa ni gaba da tambayoyi. Sun bi diddigin yadda na tsara takardun tambayoyi, sun yi gardama a kan waƙafi da aya, amma babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa tsayawa bakin ramin harsashi. Da na dawo gida Sakkwato, mahaifina, wanda ya tsufa a sana'ar gini, ya juya takardar shaidar a hannunsa ya ce, "Madalla, yaro. To in an ba ka ajujuwa uku ka gina kafin damina, leburori nawa za ka ɗiba?" Na ce, "Baba, sai na yi bincike." Bai ce komai ba, ya miƙo mini takardata.

Ba zan ambaci jami'ar ba, domin cutar ba ta gida ɗaya ba ce. Ƙarata ita ce mun mayar da wannan ilimi tsanin ƙarin girma a ofis. Ma'aikaci ya yi rajista, ya leƙa aji ranakun ƙarshen mako, ya haddace jadawalin Gantt da ƙa'idojin da cibiyar PMI ta Amurka ta tattara, ya raba takardun tambayoyi ga abokan aikinsa su cika a ƙarƙashin fanka, shi ke nan ya zama gwani. Alhali ilimin nan a wurin aiki aka haife shi. Dabarar gano jerin ayyukan da jinkirinsu ke jinkirta komai, wadda muke zanawa a allo, a masana'antun Amurka aka ƙirƙiro ta a shekarun 1950, a hannun mutanen da kowace ranar jinkiri ke ci musu dukiya.

Abin takaicin shi ne ƙasar Sakkwato cike take da darussan da babu irinsu a littafin waje. A Kalambaina, kusa da masana'antar siminti, akwai tashar wutar lantarki mai megawat 38 da gwamnatin jiha ta ba da kwangilarta a 2008. Shekara goma suka shuɗe ba ta haska birnin ba. Ga tambayar da ta isa kundi guda: injin da ke buƙatar makamashi dare da rana, a garin da bututun iskar gas bai iso ba, wa ya zauna ya lissafa abin da zai sha da inda kuɗin za su fito kafin a sa hannu? Ni da na yi shekara biyu ina karanta babin kiyaye haɗari, ban taɓa taka ƙofar wurin ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne Bakolori. An kammala madatsar a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kusa da Talatar Mafara, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ta fuskar injiniya, ruwa ya tsayu. Amma an tashi ƙauyuka, an karɓe gonaki, batun diyya ya cukurkuɗe, manoman fadama na ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu. Da manoma suka tare hanyoyi, aka aika musu 'yan sanda a watan Afrilun 1980, rayuka suka salwanta. Wannan shi ne abin da littattafanmu ke kira kula da masu ruwa da tsaki, su gama shi a shafi uku. A ajinmu mun tattauna yadda kuɗin gina gidan wasannin birnin Sidni na Ostareliya ya ninka sau da yawa, har da hotuna, amma sunan Bakolori bai fito daga bakin kowa ba. Rakumi ne a tsakar gida, muna leƙen akuyar maƙwabta.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ba rashin sani ke kashe ayyuka a ƙasar nan ba, siyasa ce da son zuciya: sabon gwamna ya yi watsi da aikin wanda ya gada, ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace. Gaskiya ne, amma rabinta. Gwamna ba ya auna gini. Kafin a biya kowane kaso, akwai jami'in da ke sa hannu cewa aiki ya kai matakin da aka ce, kuma sau da yawa irinmu ne, masu digiri biyu. Wanda bai taɓa ganin yadda ake cuɗa kankare ba, da wane ido zai gane an rage siminti? Ko yana da gaskiya, ba shi da hujjar ƙin sa hannu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa matakai, amma doka ba ta zuwa wurin gini da ƙafarta.

Za a kuma ce ma'aikatu ba sa sakin fayil. To, bangon da ya tsage ba ya cikin fayil. Magina suna nan, masu unguwa suna nan, tsofaffin da aka tasa daga Bakolori wasunsu suna raye.

Don haka ina kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da duk makarantar da ke koyar da wannan fanni ko take shirin buɗe shi: kada a ba kowa digiri sai ya ɗauki aiki guda na zahiri, ko asibitin karkara ne ko rijiyar burtsatse, ya bi shi daga takardar kwangila zuwa inda ya tsaya, ya faɗi ranar da ya fara karkacewa da abin da ya jawo. A ranar kare kundi kuma a ajiye kujera ɗaya ga wanda ya yi shekara ashirin yana gini, ko bai iya Turanci ba.

Ni dai tun daga watan da ya biyo bayan tambayar Baba nake bin sa wurin aiki duk Asabar da littafin rubutu. A makon farko na koyi cewa ba a zuba dakin da tsakar rana a zafin Afrilun Sakkwato, kuma mai tankar ruwa, ba injiniya ba, shi ke yanke ranar da za a fara.