Karen Farauta A Bakin Iyaka: Shin Zai Iya Tsare Hauren Giwa?

Mai karatu, duk wanda ya tashi a ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi ya san yadda mafarauta kan ratsa gari da rani, karnuka na biye da su, sun nufi dajin Rugu. Dattawanmu a nan Shema har gobe suna ba da labarin lokacin da giwaye ke kai da komo tsakanin wannan daji da na Babban Rafi a jihar Maraɗi. A yau yaron da aka haifa a nan bai san giwa ba sai a karin magana da kirarin sarakuna. Ragowar da ake tinƙaho da ita a Arewa tana Yankari ta jihar Bauchi.

Abin mamaki shi ne, ƙasar da giwayenta suka kusa ƙarewa ita ce ta yi ƙaurin suna wajen fataucin haure. Tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma 'yan sumoga na kwaso shi daga Afirka ta Tsakiya, su haɗa da ɓawon dabbar nan ɗankunya, su fitar ta tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Biyetnam da Sin. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Wannan fa wanda aka kama ke nan.

To, ina mafita? Ƙasashen Kenya da Tanzaniya da Yuganda sun jarraba wata dabara: horar da karnuka su riƙa shinshina kaya a filayen jiragen sama na Nairobi da Entebbe da tashar Mombasa. Hikimar a fili take. Hancin kare ya ninka na ɗan Adam nesa ba kusa ba, ta yadda ko an yayyanka haure, an shafe shi da fenti, an cusa cikin buhun gahawa, warinsa ba ya ɓoyuwa. Jakunkunan da jami'i zai wuni yana kwancewa, kare kan gama da su cikin 'yan mintoci. Kuma ba a taɓa jin an ba kare na goro ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, a nan ne na fi son in tsaya. Bahaushe ya ɗauki kare abin ƙyama. Da sunansa ake zagi, hatta “karen farauta” ma mun mayar da shi laƙabin ɗan koren azzalumi. Saboda haka wasu za su ce ba za a shinshina musu kaya a Jibiya ko Kongolam ba. Amma wannan ƙyama ta al'ada ce fiye da ta shari'a. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo. Kalmar da ta dace a kula da ita ita ce “horarre”. Idan an yarda ya kamo barewa, me zai hana ya kamo mai safarar haure? Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma ai ta jima tana aiki da karnuka.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Kare yana gajiya da wuri, balle a zafin Afrilu na Katsina, yana kuma buƙatar abinci mai kyau da likita da mai kula guda da ya saba da shi. Hukumar da ke jinkirta alawus ɗin jami'anta, anya za ta ciyar da kare? Sa'annan igiyar tana hannun mutum: idan an sallami mai riƙon, sai ya ja karen ya wuce motar. Haka kuma kare na aiki ne a ƙofa, alhali iyakarmu da Nijar cike take da hanyoyin babura waɗanda ba su bi ta gaban kwastan.

Ra'ayina shi ne a fara da Apapa da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, inda kaya ke taruwa wuri guda. A iyakokin Katsina kuwa, a horar da karnukan su gane haure da harsashi a lokaci guda, domin hanyar da ake bi da fatun namun daji ita ce ake bi da makaman da suka hana manoman Safana da Batsari zuwa gona. A kuma nemi masu riƙon daga cikin 'ya'yan mafarautanmu, waɗanda ba sa jin kunyar a gan su da kare.