Garin Shuɗi da Ɗan Gwangwan

Duk lokacin da na ga ɗan jari-bola yana tura amalanke cike da ƙarafa, sai birnin Goiânia na ƙasar Brazil ya faɗo mini a rai. A Satumban 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin ciwon daji da aka ƙaurace wa, suka ɓalle wani sashe na na'urar gashin daji, suka fasa shi, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai wani gari mai shuɗin haske cikin duhu. Ya burge su, aka yi ta rabawa 'yan uwa da maƙwabta. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka kuma gwada jikin mutum kusan 112,000.

Garin nan sinadarin siziyom-137 ne. Dalibaina sukan ɗauka na'ura ce ke samar da tururin nukiliya, saboda haka idan ta lalace shi ke nan. Wannan gaskiya ne ga na'urar hoton ƙashi, wadda ba ta fitar da komai sai an kunna ta. Siziyom kuwa ba shi da makunni. Cibiyar ƙwayar zarrarsa ce ba ta da natsuwa, sai ta riƙa rikiɗewa da kanta, tana fitar da ƙarfin da ya yi mata yawa.

Wannan ƙarfi yakan fito ta fuska uku. Alfa, takarda ma tana tare shi. Beta, sai farantin alminiyom. Gama kuwa, sai dalma ko kankare mai kauri. Illarsu ɗaya ce: suna fizge lantarki daga ƙwayoyin zarra na jiki, su lalata ƙwayoyin halitta. Ba su da wari, ba su da ɗanɗano, mutum ba ya jin shigarsu. Shi ya sa a Goiânia aka fara ɗaukar amai da gudawar da suka kama mutanen a matsayin cutar abinci.

Rikiɗewar tana da nata lissafin. Rabin siziyom-137 ne ke ƙarewa cikin kimanin shekara 30, bayan wata 30 ɗin kuma rabin abin da ya saura. Garin 1987 sai wajen 2017 ƙarfinsa ya koma rabi. Wuta ba ta gaggauta wannan, ruwa ma haka. Narka ƙarfen sai dai ya baza shi.

Irin waɗannan sinadarai suna nan a ƙasarmu, a asibitoci, a rijiyoyin mai, har da na'urorin auna ƙarfin titi. Muna da hukumar da ke sa ido a kansu, wato NNRA. Sai dai ina ganin aikin bai cika ba, sai an kai alamar gargaɗin kasuwannin gwangwan, an bayyana ta da Hausa a rediyo: fukafukai uku kamar na fanka, a kan ruwan ɗorawa. Wanda ya gan ta a jikin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ya ja baya, kada ya fasa, ya sanar da hukuma.