Leda mai ruɓewa ba ta ruɓewa a busasshiyar ƙasa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mun san ɓarnar baƙar leda. In akuya ta haɗiye ta, sai ta toshe mata tumbi, ta rame har ta mutu. A 2014 Nijar ta yi dokar hana ta, amma har yau muna kwasar ta cikin shara zuwa gona.

Yanzu ana maganar leda mai ruɓewa, wadda ake yi da masara ko rogo. Ba da kanta take ruɓewa ba. Ƙananan halittun cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su ke cin ta. Suna fitar da wani ruwa mai narkarwa, kamar yadda yawun bakinmu ke soma narkar da tuwo. Ruwan ya tsittsinka ledar, su kuma su cinye.

To, halittun nan sai da danshi da ɗumi suke aiki. Wata ledar ma sai zafin taki ya kai kusan digiri 60. Cikin rairayinmu na rani tana iya daɗewa ba ta ruɓe ba. Ko an ce mana mai ruɓewa ce, mu tsince ta daga shara kafin mu loda amalanke.