Masaukan Iferwan da baƙin da suka daina zuwa

A ƙasashen da jirgin ƙasa ya ratsa, akwai ƙauyukan da ke da tsohon otel da mashaya a bakin tasha, kuma mutanen wurin sun san tarihinsa. Mu a Abzin jirgi bai taɓa zuwa ba. Hanyar raƙuma muke da ita, zango kuma shi ne tasharmu.

Iferwan zango ne tun kaka da kakanni. Ayarin da ya taso daga Ghat zai gangara Agadas, Damagaram har Kano, nan yake sauke kaya ya sha ruwa. Ko sojojin Faransa na Foureau da Lamy, a 1899, nan suka maƙale watanni don sun rasa raƙuma. Daga baya ƴan yawon buɗe ido suka gaji fatake, aka gina ƙananan masaukai na laka, direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa suka samu abin yi. Kawuna kuku ne a ɗaya daga cikinsu. Da kuɗin nan ya sa mu lakwal.

Sai Fabrairun 2007, ƴan tawayen MNJ suka kai hari kan sansanin soja na garin. Aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, mutane suka watse. Mutanen gari dai sun dawo, amma baƙi shiru. Da na koma bara, inda kawu yake girki awaki na tarar, rufin ya rufta. To, wa zai ga laifin mai gida? Yaransa suna wajen haƙar zinariya, shi kuwa ba shi da kuɗin yaɓe.

Ku dubi Otel Aïr na Agadas, kusa da babban masallaci. Fada ce da aka gina wa Kawsan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a garin daga ƙarshen 1916 zuwa Maris 1917. Ginin na tsaye har yau, kuma a ganina dalilin bai wuce cewa ba a bar shi kango ba: ana kwana a ciki, ana shan shayi a samansa. Laka ai haka take, in ba mutum a ciki, damina ta cinye ta.

Abin da ke damuna shi ne jiran Turawa da muke yi. Wallahi da yawanmu a Yamai da Maraɗi mun san Kotonu, ba mu san Abzin ba. Ga bikin Aïr da ake yi a Iferwan tun 2001. In hanya ta yi lafiya, ku haɗa kuɗi ku je, ku sauka a masaukin ɗan gari, ku biya ba tare da neman ragi ba. Ku zauna da tsofaffin ƴan jagora, ku kunna wayarku ku naɗi labarinsu. Ni ban naɗi na kawu ba, ina ta cewa sai wani zuwan, har ya rasu.