Waiwaye: Mun Iya Dashe, Mun Manta da Saiwa

Duk wanda ya tashi a Disina, ko a wani gari na ƙasar Katagum, ya san cewa mainar da muke shan inuwarta a ƙofar gida da bakin kasuwa ba daga sama ta faɗo ba. Iyayenmu ne suka dasa, da yawa bayan farin 1973 da na 1984, sa'ad da kowa ya ga hamada ta kunno kai. Muna iya tuna malaman daji suna rabon 'yan itatuwa a baƙar leda: maina, turare, mangwaro da gwaiba. Kyauta ake bayarwa, amma dattawanmu ba su taɓa riƙon su da wasa ba.

Ba a dasa itace ranar da ya iso gida. Sai a ajiye shi a gindin rumbu, a riƙa yayyafa masa ruwa har ya huce gajiyar hanya, don baƙo sai ya sha ruwa ake tambayarsa labari. Sannan a jira damina ta kankama, wajen watan Yuli, ƙasa ta jiƙu sosai. Ko a ranar ma sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi.

Yau kuwa gaggawa ta shige mu. A sayo dashe a Azare da safe, a ɗauro shi bayan babur iska na dukansa, a cusa shi a rami da tsakar rana. Wani ma ko ledar ba ya cirewa. Idan ya bushe sai mu ce irin ne ba shi da kyau.

Ku tuna yadda dattijo ke tsugunawa a bakin rami. Ba ya fizgo tsiron ta wuya. Reza yake sawa ya tsaga ledar ta gefe, dunƙulen ƙasar ya sauka a tafin hannunsa bai warwatse ba. Sai ya juya shi ya dubi gindi. Saiwar da ta rasa hanya ta yi ta zagaye cikin leda, ya warware ta da yatsa a hankali; wadda ta murɗe ta ƙi miƙewa, ya datse ta da wuƙa mai kaifi. Ya san fara ita ce mai lafiya, baƙa mai wari kuwa ta ruɓe. Ya kuma san siraran nan masu kama da gashi su ke shan ruwa, don haka ba ya barin rana ta taɓa su. Ruɓaɓɓen taki yake cakuɗawa da ƙasa, domin ɗanye yana ƙona saiwa. Ba ya binne tsiron ya wuce inda ƙasar leda ta tsaya. Ya barbaɗa toka saboda gara, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, idan rani ya shigo kuma ya binne tsohon tulu mai ɗan huji a gefe, ruwa ya riƙa tsatsafowa.

Wannan sani ba namu ne mu kaɗai ba. Mutanen Japan suna da sana'ar bonsai, wato renon itace cikin ɗan kasko ya tsufa bai yi girma ba. Gwanayenta ba sa sauya wa sabon saye kasko sai ya saba da wurin, lokacinsa kuma ya yi, galibi gab da fitar sabon toho. Bayan shekara biyu ko uku sukan ciro ƙaramin itace, su tsefe saiwar da tsinke, su rage abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, su mayar da shi cikin ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Sai a kai shi inuwa, a hana shi taki kamar wata guda har miki ya warke. Akwai wani itacen bonsai a birnin Washington na Amurka da ake reno tun 1625. Ya tsira daga bom ɗin Hiroshima na 1945, kuma mai shi, Masaru Yamaki, ya ba Amurka shi kyauta a 1976. Hannu bayan hannu ne ya kula da saiwarsa har ya kai wannan shekaru.

Tun 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada, Bauchi kuma tana cikin jihohi 11 na Najeriya da abin ya shafa. Kowace damina muna jin adadin itatuwan da aka dasa, muna murna. Sai dai ƙidayar da ta fi amfani ita ce ta watan Afrilu, bayan zafi da awaki sun yi nasu aikin.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saiwa kuma tun tana cikin leda ake gyara ta. Masu wannan ilimi suna nan da ransu a unguwanninmu, ba a dai tambayarsu ne. Bana, kafin mu haƙa rami, mu kira ɗaya daga cikinsu, mu tara yara su tsuguna kusa da shi su ga yadda yake yi. Itace biyar da suka ga damina ta gaba sun fi ɗari da aka binne da ledarsu.